Shekarar da Aka Tsaga Kunnen Shanu

Ni ɗiyar manoma ce, amma a ruga na yi aure. Mahaifina Bahaushe ne mutumin Bagudo, mahaifiyata kuwa Badendiya ce daga wajen Illo, saboda haka da harshe biyu na tashi, na je gidan miji na ƙaro na uku. Mijina Bafillace ne, ɗan aminin mahaifina. Shanunsu ke kwana a gonarmu bayan girbi suna zuba mana taki. A can ya fara ganina, ni ma na gan shi, iyaye kuma ba su sha wahalar shirya sauran ba.

Rugarsu tana hayin kogin Kwara, ta yamma. In za mu kasuwar Bagudo da nono sai mun shiga kwalekwale. In kuwa muka juya wa kogin baya muka miƙe, kafin rana ta yi tsaka mun shiga Dahome, ƙasar da yanzu ake ce wa Benin. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, mu da su kuma shekara ɗaya aka ba mu. An ɗaga sabuwar tuta a makarantar Bagudo, amma tsofaffi ba su daina kiran wancan ɓangare Faranshi ba, namu kuma Ingilishi. Iyakar kanta wata ƙorama ce mai yashi da ke ƙafewa da rani. Shanu su yi kiwo a can, su dawo nan su sha ruwa, ba mai tambayarsu.

Babban gidanmu shi ne Baffa, mahaifin mijina, dogon tsoho marar yawan magana. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya sai in ratse in durƙusa har ya wuce. In yana son wani abu daga wurina sai ya gaya wa Inna, matarsa, ita ta gaya mini. Haka surukuta take a wurinsu, ban kuma ɗauke ta da nauyi ba. A cikin garken ina da nawa na kaina: saniyar sadakina, da wadda Inna ta ba ni da na yi haihuwar fari, da wata jar karsana da saniyar sadakin ta haifa. Karsanar nan a hannuna ta girma. In na fito da ƙwarya sai ta biyo ni tana tunkuɗa mini goyo da hanci.

A ranin shekarar da nake ba da labari, ina goyon ɗiyata ta biyu, mijina ya kora mafi yawan garken ya tsallaka Dahome neman ciyawa, kamar yadda yakan yi kowace shekara. Aka bar mana shanun tatsa da maruƙa da babban bijimin Baffa.

Wani mahauci mai zuwa sayen tumaki shi ya kawo labarin. Ina bayan zana ina daka, ina jin su. Ya ce a hayin iyaka shanu na ta zuba, idanunsu na hawaye, hancinsu na yoyo.

Baffa ya ce, “Bakinsu fa?”

“Duk gyambo, Baffa. Miyau na dalala har ƙasa.”

“Zawo?”

“Da jini. Warin kuwa tun daga nesa.”

Sai na ji Baffa ya ce, “Bushiya.” Sau ɗaya ya faɗa, ya tashi ya nufi garke, ya bar baƙon zaune a kan tabarma.

Da safe muna kaɗa nono Inna ta gaya mini dalili. Ta ce Baffa yana saurayi wannan cuta ta shanu, bushiya, ta taɓa ratsa ƙasar, ta share garken mahaifinsa, ba ta bar ko na tatsa ba. Tsohon bai ƙara shekara ba ya rasu. Baffa ya yi shekaru yana noman ƙwadago da sayar da itace a Bagudo, kafin wani ɗan'uwa ya ba shi riƙon saniya ɗaya. Duk shanun da nake gani daga ita suka fito.

Ba a jima ba aka hana kai shanu kasuwa. Sai ga dogarin Hakimi ya zo wurin Arɗo, shugaban rugagen yankinmu, aka tara magidanta. Aka ce ƙasashe sun haɗa kai, namu da Dahome da Nijar da wasu can gaba, da taimakon likitoci daga ƙasashen Turawa. Za a bi ruga ruga a yi wa kowace saniya allurar rigakafi kyauta, a tsaga mata kunne don a san an yi mata. Aka ce a kafa shingen itace a bakin burtali kafin motoci su iso.

An kafa shingen, don ba a musu da Hakimi, amma zukata ba su kwanta ba. Wasu suka ce dabara ce ta ƙirga shanu don a ƙara jangali, wato harajin shanu. Wasu suka tuna wata allura da aka taɓa yi zamanin Turawa, wadda ta kashe shanu da dama. Gidaje biyu daga cikin maƙwabtanmu suka kwashe nasu suka faɗa dajin kudu. Baffa bai gudu ba, ya ce ya tsufa da gudu, amma ya gaya wa Inna ba mai taɓa masa saniya da ƙarfe.

Ni ba allurar ce ta dame ni ba. Mijina ne. Kasuwa ta ci, wata ta ci, ba wanda ya zo da labarinsa. Na daina jin ɗanɗanon abinci. Ran nan na ce wa Inna ina son in bi matan da ke kai daddawa kasuwar hayin iyaka, in nemo shi. Ta dube ni, ta dubi goyona. Ɗanta ne, ita ma ba barci take yi ba. Ta ce in bar mata babbar ɗiyar, ita za ta san abin da za ta gaya wa Baffa. Ta dama mini fura, ta ɗaure mini ƙullin gari in kai masa.

Wari muka fara ji bayan mun tsallake ƙoramar. Matan suka ja gyale suka rufe hanci. Gaba kaɗan muka fara ganin mushen shanu, kwance a gindin itatuwa, wasu a bakin hanya, cikinsu ya kumbura. Ungulaye sun ƙoshi har ba sa iya tashi, sai dai su matsa gefe da ƙafa mu wuce. Mun ga wani mutum zaune a tsakiyar matattun shanunsa, sandarsa a kan gwiwa. Muka yi masa sannu, bai ɗago ba. Ban san shi ba, amma har yau in na rufe ido ina ganin hularsa. A wani wuri an haƙa manyan ramuka ana ja ana zubawa, hayaƙi na tashi.

A kasuwar aka nuna mini inda aka tsare garkunan baƙi, wani fili mai itatuwan ɗorawa. Jandarma, wato ɗan sandansu, ya tare ni a bakin wurin yana magana da Faransanci. Na gaishe shi da Dendanci, sai ya saki fuska. Ya sa na tsoma ƙafafuna a wani daro mai ruwan magani, ya bar ni na shiga.

Daga nesa na gane tsayuwar mijina. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Da ya gan ni sai ya yi turus.

“Ke! Wa ya rasu?”

“Ba kowa. Kowa lahiya. Kai muka ji shiru.”

Ya karɓi furar ya zauna, amma ya kasa sha. Ya nuna mini da sanda. An raba garken biyu, tsakaninsu da nisa. Na hagu suna kwance, kai a ƙasa, ƙudaje sun rufe musu ido. Na san su ɗaya bayan ɗaya, wasu ni na ɗaure su a igiyar dangwali suna maruƙa. Na dama kuwa suna tsaye suna tuƙa, kowace da tsaga a kunne.

Ya ce da cutar ta ɓulla shi ma ɓuya ya yi. Ya raba shanun, rabi ya kai su wani kwari, rabi ma'aikata suka riske shi da su a mashaya suka yi musu allura yana ji yana gani, har ya so ya yi faɗa da su. Na kwarin su ne waɗannan na kwance.

“Waɗanda na ɓoye su na kashe,” in ji shi. “Ki koma ki gaya wa Baffa abin da kika gani. Ni ba za su bar ni in fita da shanu ba, ba ni kuwa tafiya in bar su.”

Na ce, “Ni zan gaya wa Baffa? Da wane bakin?”

Ya mayar da idonsa kan shanun da ke kwance.

Muna nan zaune ɗiyata ta fara kuka, na sauko da ita ina rarrashinta da Dendanci, yadda mahaifiyata ke yi mana. Sai na ji an ce “Fofo” a bayana, wato sannu. Wani baƙin mutum ne gajere mai kaki da tabarau, hannayensa duk magani. Shi ne malamin dabbobi na ɓangaren Dahome. Ma'aikatansa na kiransa Mushe, wai haka ake ce wa malam da Faransanci. Duk da halin da nake ciki sai da na danne dariya, a ce mutum na yawo cikin matattun shanu ana kiransa da wannan suna. Ya ce mahaifiyarsa Badendiya ce, ya daɗe bai ji ana yi wa yaro wannan waƙa ba. Ya tambayi daga inda nake, na gaya masa. Ya ce gobe can za su, za su haɗu da malamin dabbobi na Nijeriya a bakin iyaka su yi aikin tare, amma sun ji mutanenmu na gudu. Na gaya masa gaskiya, batun jangali da batun tsohuwar allura. Ya saurara har na gama, bai yi dariya ba.

Mijina ne ya roƙe shi su tafi da ni a mota, saboda goyo. Na kwana wurin matan da ke dafa wa ma'aikata abinci, da safe na shiga mota karo na farko a rayuwata.

Landirofa ce, bayanta cike da akwatuna. A gaba akwai wani Bature likita, rana ta gasa shi ya yi jajir, fatar hancinsa na saɓulewa. Abin da ya fi damunsa a duniya wani akwati ne da aka naɗe da buhuna. A ciki akwai ƙanƙara da 'yan kwalabe ƙanana na maganin. Mutumin Dahome ya ce mini daga nesa ƙwarai aka kawo shi, ta jirgin sama, sannan ta mota, kuma duk tsawon hanyar ba a bar shi ya ji zafi ba, don in ya ji zafi ya mutu, ya zama ruwan banza. A masaukinsu suna da firji mai aiki da kananzir, shi ke yi musu ƙanƙarar.

A tsakiyar ƙoramar iyaka motar ta kafe cikin yashi. Direba ya yi ta ba ta wuta, tana ƙara nitsewa. Kowa ya sauko. A ɗaya gaɓar malamin Nijeriya na jira da tasa motar da ɗan sanda ɗaya, suka sheƙo da gudu. Jandarman Dahome ya jingine bindigarsa a gindin itace, ɗan sandanmu ya tuɓe takalma, suka sa kafaɗa wuri ɗaya suna turawa, wannan na ihu da Faransanci, wancan da Hausa. Baturen bai tura ba. Ya sauke akwatinsa ya kai inuwa, ya juye ruwan shansa duka a kan buhunan, ya tuɓe rigarsa ya ƙara rufawa, ya tsaya yana fifita shi da hula kamar mai jinya. Da ya ga ina kallonsa sai ya ɓantaro 'yar ƙanƙara ya miƙo mini. Na san ƙanƙarar sama mai faɗowa da damina, amma ban taɓa riƙe wadda mutum ya yi ba. Na ɗiga wa ɗiyata a baki, ta yamutsa fuska, sannan ta buɗe baki tana neman ƙari. Da aka ciro motar kowa ya yi buɗu-buɗu da yashi, ba ka gane na wace ƙasa ne.

Mun iso bakin burtalinmu da hantsi. Shinge na nan, Arɗo na nan, magidanta na zaune a inuwa, amma ba saniya ko ɗaya. Mutane suka ga na sauko daga motar gwamnati da goyo, aka bi ni da kallo. Na sunkuyar da kai na wuce gida.

Na gaya wa Inna komai, ta shiga ta gaya wa Baffa. Ina daga waje ina jin muryarta, tasa ban ji ba. Da ta fito ta ce ya yi hamdala da ɗansa na da rai, amma maganarsa na nan.

Na ce, “Inna, nawa fa?”

Ta sake shiga, ta fito. “Ya ce naki naki ne.”

Na ɗauki sanda na kora shanuna uku. Ban taɓa ratsa taron maza haka ba. Ban kai rabin hanya ba na ji kofato a bayana. Inna ce, ta koro nata. Matar ƙanen Baffa ta leƙo, ta ga Inna, ta koma ta kwance nata ita ma. Haka muka isa shingen, mata da 'yan shanunmu, maza na zaune suna kallo.

Aikin ba ya da wuya. A tura saniya cikin shingen, mutum ɗaya ya riƙe ƙaho, malam ya soka allura a wuya, wani ya datse gefen kunne da wani ƙarfe mai kama da almakashi, a buɗe mata ta fita tana girgiza kai. Jar karsanata ta ƙi shiga. Baturen ya zo ya sa hannu a ƙarƙashin wuyanta yana sosa mata, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da harshensu, sai ga ta ta bi shi.

“Wanga ya san saniya,” na ji an ce. Muryar Baffa ce. Ashe ya biyo mu, yana tsaye a bayan shingen, ya dogara da sandarsa.

Malamin Nijeriya, wani matashi mai ladabi, ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya fara yi masa bayani. Baffa ya ɗaga hannu.

“Malam, ban raina ka ba. Amma kai na gwamnatinmu ne, abin da aka aiko ka da shi za ka faɗa. Wancan baƙon nika son tambaya, shi da ya fito inda cutar take, kuma ba ruwanshi da jangalinmu.”

Malam ya ce to, sai dai baƙon ba ya jin Hausa. Sai dai shi baƙon ya faɗa wa Bature da Faransanci, Bature ya faɗa wa malam da Turanci, sannan malam ya juya da Hausa. Baffa ya girgiza kai, ya ce kafin maganar ta iso shi ta zama wata.

Inna ce ta ce, “Ga ɗiyarka nan, tana jin harshen uwarshi.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baffa ya dubi gefe, can ya ce, “Ta matso.”

Na matso na durƙusa tsakaninsu, idona a ƙasa. Na ce wa raina ba ni ke magana da Baffa ba, baƙo ne, ni hanya ce kawai.

Baffa ya ce, “Tambaye shi, allurar tana kisa?”

Na tambaya. Mutumin Dahome ya tsuguna daidai da tsohon. Ya ce ba zai yi ƙarya ba, tana sa zazzaɓi, kuma jefi-jefi akan sami mai rauni da ba ta tashi. Amma cutar in ta shiga garke, jefi-jefi ake samun mai tashi. Na juya wa Baffa kamar yadda aka faɗa, ban rage ba, ko da yake gabana ya faɗi, don an riga an yi wa nawa.

“Tambaye shi, wa ke biyan wanga magani?”

Ya ce ƙasashe da yawa ne suka haɗa, har da waɗanda ba su taɓa jin sunan Bagudo ba.

“To mi ya dame su da saniyata?”

Mutumin ya cire tabarau ya goge. Ya ce shi dai zai faɗi nasa dalili. Mahaifinsa na da shanu a wajen Kandi, can cikin Dahome. In ya yi wa na mahaifinsa allura ya bar na Baffa, baɗi cutar za ta tsallako ƙoramar ta kama maruƙan da aka haifa. In Baffa ya yi, na Nijar ba su yi ba, ta gangaro ta Kamba. Ya ce an daɗe kowace ƙasa na korarta zuwa gidan maƙwabciya, tana zagayowa. Wannan karon so ake a tare ta ko'ina lokaci ɗaya, ta rasa inda za ta kwana.

Na juya wa Baffa wannan duka. Da na gama sai na ƙara da abin da ba baƙon ya faɗa ba. Na ce, “Baffa, na gani da idona. Masu tsaga a kunne suna tsaye.”

Wannan ce magana ta farko da na taɓa yi masa da bakina. Ya juya ya tafi gida, muka ɗauka shi ke nan. Jim kaɗan sai ga shi yana janye da babban bijiminsa, sauran shanun na biye. Shi da kansa ya riƙe ƙahon aka soka allurar. Daga nan magidanta suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Har rana ta karkata ana aiki, ƙanƙarar ta ƙare, aka ce sauran sai gobe.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya zo kamar yadda aka faɗa. Shanu suka yi lakwas, nono ya ragu, ruga ta yi shiru, kowa na kallon kowa. Sannu a hankali suka fara miƙewa suna neman ciyawa. A duk garkenmu ɗaya ce ba ta tashi ba, jar karsanata. Na jiƙa mata dusa, na ba ta ruwan kanwa, na yi mata inuwa da zanena. Ran nan da la'asar ta miƙe ƙafafu, aka yi sauri aka yanka. Na shiga ɗaki na yi kuka mai yawa. Har da jin kunya a ciki, don ni na fara kai nawa, na kuma san abin da za a ce.

An ce ɗin kuwa, amma ba a daɗe ana cewa ba. Cutar ta iso yankinmu ta dajin kudu, ta faɗa wa garkunan da suka ɓuya. Maƙwabtanmu suka dawo da abin da bai taka kara ya karya ba, ɗayansu da igiyoyi kawai a kafaɗa. Ba wanda ya yi musu gori. Arɗo ya aika, motocin suka dawo da gaggawa, aka killace wurin, aka binne na binnewa. Cutar ta zagaye mu ta kowane gefe, shanunmu na kiwo da tsagaggun kunnuwansu, ba wadda ta ko yi hawaye. Baffa da sauran magidanta kowa ya zaɓi saniya ya ba waɗanda suka rasa riƙo.

Wata safiya ina tatsa na ji tafiya a bayana. Baffa ne, yana janye da wata farar karsana. Na yi sauri zan tashi in ba shi wuri, ya ce in zauna. Ya ɗaure ta a turken da jar ke kwana, yana duban wani wajen ya ce, “Ɗiyata, ki riƙe wagga. Abin da ta haifa naki ne.” Na ce na gode, Allah shi ƙara girma. Bayan wannan mun koma yadda muke, ina ratse masa hanya, saƙo na bi ta wurin Inna. Sai dai lokaci-lokaci, in baƙo ya zo daga hayi, yakan ce a kira ni.

Mijina ya dawo da ruwan farko, da rabin abin da ya tafi da shi. Baffa ya tsaya a bakin burtali yana duban su suna shigowa, yana motsa baki, na san sunayen waɗanda babu yake kira. Sannan ya kama hannun ɗansa ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

Da rani ya zagayo motocin suka dawo, suka sake dawowa a ranin da ya biyo. A rani na biyu mutumin Dahome ya neme ni, ya tambayi karsanar da ta ƙi shiga shinge. Na gaya masa. Ya ce in yi haƙuri, ya ce yanzu sun zo da sabon magani wanda ba ya sa zazzaɓi. Haka kuwa aka yi, ko maraƙi bai kwanta ba. A rani na uku ba a bukaci dogari ba. Tun kafin ƙurar mota ta kwanta shanu sun cika burtali, mata sun kawo wa ma'aikata fura da kindirmo, ana faɗan wa za a fara yi wa. Ban ƙara ganin mutumin Dahome ba bayan wannan, ban kuma san sunansa na gaskiya ba.

Ba zan ce daga nan aka gama ba. Cutar ta sake leƙowa bayan shekaru masu yawa, lokacin Baffa da Inna sun riga mu gidan gaskiya, ta yi ɓarna a wasu wurare. Amma a rugarmu ba wanda ya gudu daji. Mijina da kansa ya shiga kwalekwale ya je Bagudo ya ce a zo a yi allura.

Na tsufa, na koma cikin gari wurin ɗana, har na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutun da nake yi yanzu. Wata rana da rana ina tsintar shinkafa, rediyo na magana, sai na ji an ce likitocin dabbobi na duniya sun tabbatar bushiya ta ƙare, babu ita a kowace ƙasa. Na ajiye faifan, na ce a ƙara murya, amma har an wuce wani labari. Jikata, wadda ta gama sakandare a lokacin, ta ga ina share ido, ta tambaye ni lafiya.

Na ce, “An ce bushiya ta ƙare a duniya.”

Ta ce, “Kai, Kaka, ba gaskiya ba ne. Ko shekaranjiya mun ga ɗaya a bayan rumbu, ta dunƙule da ƙayoyinta.”

Ita wannan 'yar dabbar kaɗai ta sani da wannan suna, ga ta kuwa jikar makiyaya. Na yi dariya har na ƙware. Na ce ta jawo kujera ta taya ni tsintar shinkafar, in ba ta labari.